Dandali da Fuloti: Kewar Wuraren Wasa a Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1971 aka rufe wani shahararren wurin wasa da ake kira Palisades a Jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, bayan ya yi shekara 73 yana tara jama'a. Aka kwance lilon da ke cikinsa da sauran na'urorin wasa, aka gina dogayen benaye na zama a gurbinsa. Haka kuma ta faru ga lambun Belle Vue na birnin Manchester a Ingila, wanda aka buɗe tun 1836. An rufe gidan namun dajinsa a 1977, wurin wasan kuma ya bi baya a 1980, daga bisani gidaje suka hau wani sashe na filin. Waɗanda suka yi ƙuruciya a waɗannan wurare ba su daina ambaton su ba, suna tara tsofaffin hotuna, suna nuna wa jikoki inda ƙofar shiga take a da.

Bahaushe na iya jin wannan labari ya ɗauka al'amarin Turawa ne kurum. To amma abin da ya sami waɗancan wurare shi ne ya sami dandali a garuruwan ƙasar Hausa, sai dai shi dandali ba a yi masa ranar rufewa ba, ba a kuma ɗauki hotonsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda dandali yake, da hanyoyin da gini ya bi ya cinye shi, da kuma kalmomin da Hausa ta tanada domin faɗin abin da mutane ke ji game da rashinsa. An ɗauki Daura da masarautarta a matsayin misali, domin garin yana da tsofaffin wurare da suka tsira, kuma kwatanta su da waɗanda ba su tsira ba yana fito da dalili a fili.

2.0 Dandali, Fage da Fili

Kalmomi uku ne Hausa ta fi amfani da su wajen ambaton sararin da jama'a ke taruwa, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Fili shi ne mafi faɗin ma'ana, watau duk sararin da babu gini ko shuka a kansa. Fage kuwa wurin gwada ƙwazo ne, shi ya sa ake cewa fagen fama da fagen dambe, har ma da fagen siyasa. Dandali shi ne sararin da ke tsakiyar gari ko unguwa, inda yara da samari da 'yan mata ke haɗuwa domin wasa, galibi bayan sallar lisha, musamman a kwanakin farin wata da kuma lokacin kaka.

Akwai masana da ke danganta kalmar dandali da kalmar Barebari "dandal", wadda ke nufin faffaɗan sararin da ke gaban fadar Shehun Barno. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi idan aka tuna cewa sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno suka shigo ƙasar Hausa, kuma labarin Bayajida kansa ta Barno ya biyo da shi kafin ya iso Daura. In haka ne, kalmar ta baro ƙofar fada ta gangaro cikin unguwa, ta koma hannun yara. A zamanin nan kuma ta sāke yin wata ƙaura, domin yanzu an fi jin ta a cikin "dandalin sada zumunta" na intanet. Yaron da aka haifa bayan shigowar wayar salula a 2001 yana iya sanin kalmar sarai, alhali bai taɓa taka ƙasar dandali ba.

A dandali kowane jinsi da nasa ɓangare. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, ana tafi ana bayarwa ana amshi, ƙanana kuma suna carafke a gefe. Yara maza su yi langa da ɓuya da kokawa. Idan makaɗin kalangu ya zo, wuri ya ɗinke, samari su yi kari, masu tallar gyaɗa da rake da dakuwa su sami ciniki. Bayan an kawar da amfanin gona sai a shiga kalankuwa da dambe, 'yan wasa su riƙa bin gari gari. A watan azumi kuma 'yan tashe daga nan suke haɗuwa kafin su bazu cikin gari.

Kada a ɗauka taron yuyuyu ne. Akwai sarkin samari, akwai shugabar 'yan mata, su ke raba faɗa, su ke yanke tara, su ke shirya gayya idan za a yi wa wani aiki a gona. Yaro a nan yake fara sanin cewa akwai doka wadda ba ta gidansu ba. A nan kuma yake koyon habaici da zambo da kirari, da yadda ake mayar da magana ba tare da an yi zagi ba. Ga mai nazarin harshe wannan shi ne babban amfanin wurin. Yawancin waƙoƙin gaɗa da ɗalibai suka tattara a kundayen digiri tun daga shekarun 1970 daga bakin matan da suka koye su a dandali aka same su, kuma waƙar gaɗa ba ta rayuwa sai da da'ira da tafi. Abin da ke cikin kundi gawarta ce, an dai yi mata sutura mai kyau.

3.0 Abin da ya Tsira a Daura

Wanda ya shiga Daura zai tarar da wurare uku da suka daɗe ba su gusa ba. Na farko rijiyar Kusugu, wadda labari ya ce a cikinta Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. An kewaye ta da gini, an sa mata mai tsaro, baƙi na zuwa daga nesa domin su gan ta su sha ruwanta. Na biyu filin Kangiwa da ke ƙofar fada, inda ake hawan salla da bikin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Na uku filin idi.

Me ya kare waɗannan wurare? Kowannensu yana da mai tsaya masa. Kusugu tana da tarihi a bayanta, tarihin da Hausa Bakwai gaba ɗaya ke jingina da shi. Kangiwa yana da sarauta, kuma sarautar Daura ta sami dogon zama a ƙarni na 20, domin Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar kuma daga 1966 zuwa 2007, kafin Sarki Umar Faruk Umar ya hau. Sarakuna biyu a cikin shekara 96 ba ƙaramin abu ba ne wajen tsare abin da aka gada. Filin idi kuwa yana da addini. Shi dandalin unguwa ba shi da kowa sai yara, su kuwa yara ba a shawara da su ranar rabon ƙasa. Kafin su girma su iya magana, sun bar wasa, wasu ma su ne ke neman inda za su kafa gida.

4.0 Yadda Gini ya Ci Dandali

A tsarin gargajiya ƙasa amana ce a hannun sarki, hakimi da dagaci da mai unguwa ke lura da ita a madadinsa. Gona tana da mai ita, ko ta hanyar gado, ko saye, ko aro, ko jingina. Akwai kuma wuraren da na kowa ne: makiyaya da burtali da maƙabarta da kasuwa da bakin rijiya. Dandali yana cikin wannan rukuni, sai dai ya fi su rauni, domin babu wanda ya taɓa shata masa iyaka. Sanin jama'a ne kaɗai shingensa. Kowa ya san nan wurin wasan yara ne, kuma kunya ta isa ta hana mutum ya kafa tubali a kansa.

Dokokin ƙasa da aka yi tun zuwan Turawa sun sauya wannan ma'auni sannu a hankali. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962 ta bi sawunta, sa'an nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a karkara. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya rage ikon da sarakuna ke da shi a kan irin waɗannan al'amura. Daga nan hujja ta tashi daga bakin dattawa ta koma kan takarda. Wurin da ba shi da takarda kuwa, a idon ma'aikacin safiyo, fili ne kawai da ba a yi amfani da shi ba. Ba lalle ne ma'aikacin ya yi mugun nufi ba. Taswirar da ke gabansa ba ta da alamar da ke nuna inda 'yan mata ke gaɗa.

Sai kuma yawan jama'a. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, mutum wajen miliyan 3.7, ta 2006 kuma ta ba ta miliyan 5.8. A wannan ƙidaya ta biyu Ƙaramar Hukumar Daura kaɗai ta haura mutum 200,000, ban da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, waɗanda su ma a cikin masarautar suke. Kowane saurayi da ya isa aure yana bukatar ɗaki. A da sai a yanka masa sashe a cikin gidan gandu, amma rabon gado ya yi ta tsaga manyan gidaje har tsakar gida ta ƙare, zaure ya zama kanti. Da cikin gida ya cika sai aka fito waje, abin da ke kusa kuwa shi ne sararin da ke ƙofar gida.

Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba, watau sauyin kayan gini. Muddin da tubali da jar ƙasa ake gini, kowace unguwa tana bukatar kududdufi inda za a haƙi ƙasa, kuma gefen kududdufi sarari ne da ba a ginawa. Da bulo da siminti suka zo, kududdufi ya rasa aikinsa, ya zama juji, juji ya cika, aka daddale shi aka sayar. Ruwan da yake tarewa da damina kuwa bai fasa zuwa ba, sai ya nemi hanya ta cikin gidaje. Wannan ya fi bayyana a birnin Kano, amma tsarin ɗaya ne a duk tsohon gari mai ganuwa.

A Daura an sami wani ƙarin dalili a 'yan shekarun nan. A zamanin mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, garin ya sami manyan ayyukan Gwamnatin Tarayya. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, an aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba na wannan shekara, sa'an nan a 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta ratsa ta Daura. Waɗannan abubuwan alheri ne, babu mai musu. Amma duk inda makaranta ta sauka, malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa na biye da ita, kowa na neman wurin kwana, ƙasa kuma sai ta yi daraja. Gonar bakin gari ta zama fuloti, dillalai su shigo, a ji ana maganar awon igiya da kafa duwatsun iyaka. Idan sarari ya zama kuɗi, barin sa domin wasan yara sai ya zama kamar wauta a idon mai shi.

Kada dai a ɗora wa gini laifin duka. A wurare da yawa dandali ya riga ya yi sanyi kafin tifa ta sauke yashi a kansa. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya sa yara kwana da wuri domin sammakon makaranta. Makarantun Islamiyya na dare sun ɗauke 'yan mata a daidai lokacin gaɗa. Malamai sun daɗe suna sukar cuɗanyar maza da mata a wurin kiɗa, tun zamanin masu jihadi, kuma sukar ta ƙara ƙarfi bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 da kuma ƙaddamar da shari'a a jihar a shekarar 2000. Rediyo da talabijin, da finafinan Hausa da suka fara yaɗuwa daga 1990, da gidajen kallon ƙwallo, sun ba matasa wata hira. Wutar lantarki ma ta rage wa farin wata kwarjini. Saboda haka sau da yawa mai gini ba ya korar kowa, wuri ya tarar an watse.

Abin da ya faru a Kano a watan Yuni na 2023 ya nuna cewa ko wuraren da ke da masu tsaya musu ba su kuɓuta gaba ɗaya ba. Sabuwar gwamnatin jihar ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Sukuwa da kantunan da ke Filin Idi na Ƙofar Mata, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne aka raba. 'Yan kasuwar da abin ya shafa suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya kuma ta ba da umurnin a biya su diyyar naira biliyan 30. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, abu ɗaya ya fito: hana gini tun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kwato fili bayan an zuba masa kankare.

5.0 Kewa, Bege, Kufai da Kango

A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro kalmar "nostaljiya" a birnin Basel, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar komawa gida da raɗaɗi. Cuta ya ɗauke ta, irin wadda ke kama mutanen Suwizalan idan sun daɗe a baƙuwar ƙasa. Daga baya ma'anar ta tashi daga son wuri ta koma son zamanin da ya wuce. Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa wannan duka, amma tana da biyu da suka raba aikin a tsakaninsu, kuma rabon yana da ban sha'awa.

Bege na mai nisa ne. Mai bege yana tuna wanda yake ƙauna, yana ambaton kyawawan siffofinsa, yana fatan saduwa da shi. Shi ya sa kalmar ta zauna daram a kan waƙoƙin yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kewa kuwa ta wanda aka bari ce. Idan an kai amarya, iyayenta ake yi wa sannu da kewa. Idan baƙo ya tafi, masu masauki ake tambaya yaya kewa. Mai kewa bai je ko'ina ba, yana nan inda yake, gurbin abin da ya tafi ne ke damun sa. Saboda haka dattijon da ke tsaye a ƙofar gidansu a Daura, yana duban jerin kantuna a inda ya yi langa, kewa yake ji. Wani masani ɗan ƙasar Ostareliya, Glenn Albrecht, sai da ya ƙago sabuwar kalma, ya buga bayaninta a 2005, domin ya ambaci damuwar mutumin da mahaifarsa ta sauya kama alhali yana cikinta. Bahaushe ya daɗe da tasa.

Wajen ambaton wurin da kansa ne harshen ya gaza. Garin da aka tashi aka bari kufai ne, kamar Tsohon Birni da ke kusa da Daura, inda tarihin baka ya ce nan sarauniyoyin farko suka zauna kafin Magajiya Daurama ta komo da mazauni inda yake yanzu. Gidan da aka bari ya lalace kango ne. Duka biyun suna barin alama, ko tudun ƙasa, ko kuka, ko katangar da ta zube, abin da mutum zai nuna wa ɗansa da yatsa. Dandalin da aka gine ba ya barin komai. Mutane ba su gudu daga wurin ba, ƙaruwa ma suka yi. Abin da ake cewa kawai shi ne "an cinye filin", kamar yadda ake faɗi game da dukiyar maraya, kuma zaɓen wannan aikatau ya nuna yadda jama'a ke kallon al'amarin. Wani lokaci suna kaɗai ke saura, a ji ana kwatance da wata tsamiya ko durumi da aka sare shekaru da yawa, mai babur ɗin haya ya kai mutum wurin daidai, bai kuwa taɓa ganin itacen ba. Tattara irin waɗannan sunaye unguwa unguwa, tare da bayanin tsofaffin da suka san asalinsu, aiki ne da ya dace da ɗaliban da ke neman batun bincike, kuma ba zai jira ba.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gargaɗi a cikin wannan ga mai nazari. Kewa tana tace abin da take tunawa. Tana riƙe da farin wata da kiɗan kalangu, ta manta da faɗan unguwa da unguwa, da yarinyar da aka ɗora wa talla har tsakar dare, da al'adar tsarance wadda iyaye da malamai suka yi ta yaƙi da ita. Haka kuma magidancin da ya sami fuloti ya fitar da iyalinsa daga ɗaki guda na haya bai yi laifi ba, kuma ba za a ce masa ya zauna a matse domin a ci gaba da gaɗa ba. Sau da yawa ma mai kukan rashin dandali da mai gida a kan dandalin mutum ɗaya ne.

Duk da haka bukatar da dandali ke biya ba ta tafi tare da shi ba. Masu tsara sababbin unguwanni sukan ware sarari domin makaranta da masallaci da wurin wasa, amma na wasan shi ne ke fara zama fuloti idan masu nema sun yi yawa, saboda dalilin da aka ambata a baya, watau ba shi da mai tsaya masa. Musulunci yana da hanyar da za ta iya toshe wannan kafa, ita ce waƙafi, domin abin da aka yi waƙafinsa ba a sayar da shi, ba a kuma gadonsa. An saba yin waƙafin masallaci da rijiya da maƙabarta. Ba a saba yin na filin wasan yara ba, ko da yake babu abin da ya hana mai hali ko masarauta su yi, a rubuta, a sa hannun hukuma.

A halin yanzu yara sun nemo wa kansu mafita. Suna buga ƙwallo a harabar makarantar firamare bayan an tashi, ko a kan titi tsakanin wucewar mota da mota, ko a fulotin da mai shi bai sami kuɗin gini ba tukuna. Kalmar kango ma ta sami sabuwar ma'ana a bakinsu, domin yanzu ta fi nufin ginin da aka fara ba a gama ba, wanda ya kai linta ya tsaya. A cikin irin waɗannan kangaye ake ɓuya, a gabansu ake kafa duwatsu biyu a matsayin raga, har ranar da mai wuri zai turo magina, su kwashe ƙwallonsu su matsa fuloti na gaba.